Tafi-da-gidanka mai dizal ko 'yar ƙaramar mota mai lantarki? Ku ba ni shawara kafin in yi ɓarna

Baban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya kar a lallaɓa ni. Tsohuwar motata ta faɗi MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, bakanike ya ce kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar, shikenan sai canji. Abin da na tara fam 12,000 ne kuma ba na son cin bashi. Abu biyu ne a gabana, kwana uku kenan suna hana ni barci. Na farko Volkswagen T5 ce ta 2012 mai dizal da aka mayar da cikinta ɗaki, akwai gado da murhun gas mai kai biyu da 'yar firji, rufin ma ɗaga shi ake yi yara su kwana a sama, ta ci mil 140,000, mai ita yana neman 11,500. Na biyu 'yar ƙaramar mota mai lantarki ta hannu irin su Nissan Leaf ko Renault Zoe na wajajen 2020, da dubu takwas zuwa tara ana samu. A Birmingham nake, wajen Small Heath, wurin aikina cikin gari ne bai kai mil huɗu ba, sai kai yara makaranta da islamiyya da cefane. Amma wallahi shekarata bakwai a ƙasar nan ban da Landan da Manchester da Bradford ba inda na sani, su ma suna ko ta'aziyya ke kai ni. Ina so yarana su ga teku, su ga duwatsu. Uwargida ta ce ba ruwanta, amma yadda ta faɗe shi na san akwai ruwanta.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Hhhh wato dai tafi-da-gidanka ta gaskiya, ba wayar salula ba. Yaya ai in ka saye ta ka huta da biyan haya ma.

Injiniya na Leeds:
Baban Yusra tambaya ɗaya kafin komai. Wurin aikin naka cikin zoben Middleway yake, titin nan da ya kewaye tsakiyar gari, ko waje?

Baban Yusra:
Ciki ne Injiniya, can tsakiya ma.

Injiniya na Leeds:
Toh ka zauna ka ji. T5 ta 2012 injinta Euro 5 ne a ma'aunin tsaftar hayaƙi na Turai, su kuma Birmingham tun 1 ga Yunin 2021 duk mai dizal ɗin da bai kai Euro 6 ba fam 8 yake biya a duk ranar da ya shiga cikin zoben nan, ba Asabar ba Lahadi ba ranar hutu. Kwana biyar a sati fam 40 kenan, in ka yi sati 46 kana zuwa aiki ka ba kansil 1,840 a shekara ba ka ko sa mai a tanki ba. In ka manta ba ka biya ba tarar 120 ce, sai dai in ka yi sauri a rage maka rabi. Landan kuma 12.50 ne a rana, kuma tun Agustan 2023 duk unguwannin Landan sun shiga ciki, babu maganar ai ni Barking kawai zan tsaya. Wannan ɗaya.

Na biyu shi ne abin da nake ci da shi kullum a gareji. Dizal na zamani akwai wata matata a jikin salansa, DPF, tana tare baƙin hayaƙin nan. Ba ta wanke kanta sai injin ya yi zafi sosai an yi tafiya mai ɗan nisa a babbar hanya yadda za ta ƙone tokar. Kai kuma mil huɗu za ka yi ka kashe, ka kai yara islamiyya ka kashe, da sanyin safiya injin bai ko farka ba. Wata uku huɗu fitila za ta kama a dashbod, ka zo wurin irina. Ga kuloci da filawil a mil 140,000 in ba a taɓa canzawa ba suna nan suna jiranka. Ni zan so ka saya don mu ci abinci amma tsakani da Allah ba motar kai yara makaranta ba ce.

Alhaji na Glasgow:
Injiniya ka faɗi gaskiya a kan Euro 5, mu nan Glasgow ma ba a biya a shiga, tara ce kai tsaye fam 60 kuma ninkawa take in ka maimaita. Amma kun fara da lissafin kuɗi kun bar abin da ya sa yaron nan ya kasa barci. Ni tawa T6 ce ta 2017, shekara huɗu tana hannuna. Bara da bazara mun yi zagayen arewacin Scotland ɗin nan da ake ce wa NC500, daga Inverness ka zagayo ka dawo Inverness, mil ɗari biyar da 'yan kai. Wata rana mun tsaya bakin wani tafki ba kowa sai tumaki, Hajiya ta ɗumama miyar kuka da ta daskarar tun daga gida ta tuƙa tuwon semo a cikin mota, na cika buta na yi alwala a waje na shimfiɗa darduma kan ciyawa, ƙarfe goma na dare ta wuce rana ba ta gama faɗuwa ba muna zaune muna jiran magariba. Autana ya ce Baba ashe haka ƙasar nan take. A ƙauyukan nan ba za ka samu naman halal ba, otal kuma da bazara kuɗinsa ba a magana, amma da tukunyarka da gadonka da butarka ba ka roƙon kowa komai. Wannan ba a sa shi a kalkuleta.

Maman Ilham:
Ranka ya daɗe Alhaji a gaida Hajiya, amma da ita aka tambaya inaga labarin zai ɗan bambanta. Mu mun taɓa hayar irinta na kwana biyar zuwa Wales. Maigida yana waje yana ɗaukar hoton duwatsu yana turawa 'yan uwa gida, ni ina ciki a durƙushe ina wanke-wanke a wani ɗan kwano da bai fi faranti ba, ruwa lita nawa ne ma, sai ana yi ana tattali kamar lokacin da famfo ya ɗauke a Kano. Kwana biyu aka yi ana ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, yara uku a cikin akwati, takalma jiƙaƙƙu, ƙamshin soyayyen albasa ya kama bargo ya kama hijabi. Sannan banɗakin nan na roba, wa yake zubarwa? Ku tambayi mazan da ke yabon motar nan wa yake zubarwa.

Alhaji na Glasgow:
Ni nake zubarwa 'yata, Allah shaida.

Maman Ilham:
Toh kai ɗaya ne Baba, Allah ya ƙara girma.

Ɗan Zazzau:
Alhaji ka manta ba ka ba su labarin ƙwarin nan ba da kuma ranar da ƙarfen wurin fakin ya aske maka rufi 😂

Alhaji na Glasgow:
Kai yaron nan ba ka da sirri. Eh ƙwarin suna nan, ƙanana ne sun fi sauro ƙanƙanta, da yamma in iska ta kwanta a yammacin Scotland sai su taso kamar hayaƙi, gidan sauro na gida ma ratsa shi suke. Rufi kuma laifina ne, na ɗora akwati a sama na manta, wuraren fakin da yawa ƙarfensu mita biyu ne ko ƙasa da haka, ita kuma motar da kyar take shigewa ko ba kaya. Wani abin da ya kamata ya sani kuma, ba ko'ina ake tsayawa a kwana ba. Dokar Scotland ta 2003 da mutane ke ambato ta ba mai tafiya a ƙafa da tanti dama ne, ba ta haɗa da mota ba. A Ingila ma abin ya fi tsauri. Yawanci filin kwana za ka biya.

Dakta Fa'iza:
Bari in shigo ta ɓangaren lantarki tunda ita nake hawa shekara uku. Ina da caja a jikin bangon gida, da tsarin wutar dare ina biyan pens 7 a yunit ɗaya, motar kuma tana yin kamar mil huɗu da yunit. Kenan mil ɗaya bai kai pens 2 ba. Ita babbar motar in ta yi mil 35 da galan, litar dizal a wajen 1.45, mil ɗaya na tashi kusan pens 19. A mil dubu takwas na shekara shi zai ƙona kusan fam 1,500 ni kuma ban kai 200 ba. Ba canjin baƙin mai, ba bel ɗin inji, ba salansa, birki ma daɗewa yake saboda motar da kanta take rage gudu tana mayar da wuta batir. Da safe ina shan shayi nake kunna hita daga waya, in fito gilashi ya narke maƙwabcina yana can yana kankare ƙanƙara da katin banki.

Injiniya na Leeds:
Dakta duk gaskiya ne amma ke kina da farfajiya. Small Heath fa aka ce. Baban Yusra gidanka irin jerarrun nan ne da ƙofa ke buɗewa kan titi?

Baban Yusra:
Shi ne wallahi. Haya ce ma. Wani lokaci sai na zagaya layi biyu kafin in samu inda zan ajiye mota.

Dakta Fa'iza:
Kash. Toh lissafina ya rushe, gara in faɗa da bakina. Cajar kan hanya mai sauri tana kaiwa pens 75 zuwa 85 a yunit, in ka raba da huɗu ka dawo wajen pens 20 a mil, daidai da dizal ɗin kenan. Har harajin VAT ba ɗaya ba ne, wutar gida kashi 5 ta waje kashi 20, wato wanda ba shi da farfajiya shi ake ƙara tatsa, abin yana ba ni haushi. Kuma tun Afrilun 2025 mu ma muna biyan harajin hanya, garaɓasar nan ta ƙare. Sai dai ka duba abu biyu, ko akwai caja a wurin aikinku, da kuma ƙananan cajojin unguwa marasa sauri, sun fi sauƙin kuɗi. Da mil takwas zuwa goma a rana ai caji ɗaya zai kai ka sati har da ɗoriya.

Ɗan Zazzau:
Ya jawo waya ta taga mana, kamar yadda muke ja daga gidan maƙwabci mai janareta.

Maman Ilham:
Wata tsohuwa ta yi tuntuɓe da ita ka ga yadda ake sammaci a ƙasar nan.

Malam Habu Coventry:
Salamu alaikum, yanzu na gama karanta duka. Ni abin da ya burge ni shi ne da ya ce ba ya son bashi. Don na ga yadda samarinmu ke rige-rigen karɓar sababbin motocin lantarki a tsarin biya wata-wata, kuma yawancinsa da ruwa a ciki ƙarara an rubuta kashi kaza. Allah ya tsare mu. Ka tsaya a kan abin da ke hannunka Baban Yusra.

Dakta Fa'iza:
Malam ni tawa ta wurin aiki ce, haya ce ake cira daga albashi kafin haraji, bayan shekara uku in mayar. Ba saye ba ne balle a ce rance.

Malam Habu Coventry:
Wannan wata mas'ala ce daban Dakta, sai an ga takardar an ga me aka sa hannu a kai. Kar mu karkatar da zancen bawan Allah, ki turo min ta gefe in kina so.

Ɗan Damagaram a Lyon:
Sannunku 'yan Ingila. Ni direban kamiyo ne nan Faransa, gazuwal nake sha safe da yamma, amma ko ni ba zan ba shi shawarar tsohuwar dizal ba. Nan ma in ya tsallako da ita sai ya sayi takardar Crit'Air mai nuna matakin hayaƙin mota ya manna a gilashi kafin ya shiga manyan birane. Abin da Turawan nan ke yi wanda na gani, mai irin wannan mota yana da wata ƙarama ta zuwa aiki, babbar tana kwance an lulluɓe ta wata tara. Mota ta biyu ce. Mu kuma muna so mu mayar da ita ta farko da ta ƙarshe.

Ɗan Zazzau:
Ni dai ina bayan tafi-da-gidanka. In ya gaji da ita ya sa a jirgin ruwa ya tura gida, a Kaduna haya kawai zai riƙa bayarwa. Ko ma ya tuƙa ta da kansa ta Maroko da Muritaniya har Kano mu tare shi a Kwanar Dangora.

Injiniya na Leeds:
Sitiyarin dama za ka tura Najeriya? Tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, motocinmu sitiyarin hagu ne, mai na dama doka ba ta yarda da ita ba sai dai a juya, juyawar kuma ni na san irin aikin da ake yi, Allah ya kiyaye. Ga dizal a gida ba shi da araha. Maganar tuƙawa har gida kuma ai Pelumi Nubi da ta taso daga Landan ta isa Legas a 2024 da 'yar mitsitsiyar Peugeot 107 ta yi, ba da ɗaki da falo ba.

Ɗan Zazzau:
Amma ba mai lantarki ba ce ai. A ina za ta yi caji a sahara 😂

Injiniya na Leeds:
Wannan kuma ka ci ni.

Maman Ilham:
Ni tambayar da ba wanda ya yi. Maman Yusra tana tuƙi? Wane irin lasin gare ta? Sannan kujerun baya na babbar motar nan, da gado ake naɗewa ya zama kujera, bel nawa ne kuma akwai inda ake maƙala kujerar yara? Don doka sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya rabu da kujerarsa, kuma wasu motocin a bayan gida wani ya yi musu aikin kafinta, ba wanda ya gwada ƙarfin kujerar in an yi karo.

Baban Yusra:
Innalillahi. Anti kin taɓo inda yake ciwo. Bara ta ci jarabawa, na otomatik ne. Motar kuma mai giya ce. Wallahi sai yanzu na gane abin da "ba ruwana" ɗin nan yake nufi. Bel kuma biyu ne a baya, yaranmu biyu, amma Hajiyarta na zuwa duk bazara.

Maman Ilham:
Toh ka gani. Za ka kwashe kuɗin gida kaf ka sayo abin da ita ba ta da ikon ko matsar da shi daga bakin ƙofa, sannan ka ce mata hutu za a je, a bar Hajiya a gida ko a ɗora ta a rufi. Masu lantarki duk otomatik ne, ranar da kake aikin dare ita za ta kai yara.

Alhaji na Glasgow:
A nan kam na sauka. Tawa otomatik ce kuma muna da wata ƙaramar. Amma ƙanina kar ka bari su kashe maka burin, ka yi haya na sati ɗaya ka ɗanɗana, gani ya kori ji. In ta kama ka ta kama ka, sai ka fara tari na Euro 6.

Injiniya na Leeds:
In lantarkin za ka yi toh ka buɗe ido, kar a yi maka sayen kifi a ruwa. Leaf bakin cajarta mai sauri CHAdeMO ne, Turai kuma ta koma CCS, sababbin wuraren caji da yawa ko dai kai ɗaya suke sa mata ko babu sam, sannan batirinta ba shi da abin sanyaya shi don haka in ka yi caji mai sauri biyu uku a jere a doguwar tafiya sai ta riƙa ja a hankali. A dashbod akwai sanduna 12 na lafiyar batir, ka ƙirga da idonka. Zoe kuma ka tambaya ko batirin na motar ne ko na haya, don tsofaffin da yawa hayarsa ake biya duk wata, ka duba ko tana da CCS don ba duka ke da shi ba, kuma ka sani a gwajin karo na Euro NCAP na 2021 ba ta samu tauraro ko ɗaya ba. Mai iyali ya kamata ya san wannan. Da ni ne da 12,000 a hannu zan leƙa MG4 ko MG5 na hannu, sun fi faɗi kuma CCS ne. Yawancin kamfanoni garantin batir shekara takwas ne ko mil 100,000, ka lissafa nawa ya rage. Kuma duk nisan da aka rubuta a talla, da hunturu a babbar hanya da hita a kunne ka cire kusan kashi ɗaya cikin uku a ranka.

Baban Yusra:
Toh tekun fa? Za ta kai mu?

Dakta Fa'iza:
Haba dai. Daga Birmingham zuwa Barmouth ko Weston ai mil ɗari da 'yan kai ne. Ka tashi da cikakken batir, ku tsaya sau ɗaya a hanya ku yi sallah yara su yi fitsari ita kuma tana shan wuta, kafin ku gama ta gama. Scotland ɗin Alhaji ce mai nisa, sama da mil 400 kafin ka ga Inverness, nan kam sai da shiri da haƙuri. Sau ɗaya na taɓa shan wahala, daren sallah muna dawowa daga Bradford na isa wurin caji da kashi 6 na tarar biyu sun lalace ɗaya da layi, muka yi awa guda da rabi a zaune da kayan sallah muna cin cincin. Tun ranar ba na bari ta sauka ƙasa da 20 a hanya.

Baban Yusra:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yanzu na tura wa manajanmu saƙo ya ce akwai caja huɗu a wurin fakin ma'aikata na ƙasa, wai pens 30 ne yunit, ni shekara uku ina wucewa ta gabansu ban taɓa kula ba. Na kira mai T5 na ce ya sayar wa wani. Asabar za mu je ganin wata MG5 a Wolverhampton, Injiniya zan kira ka ta bidiyo ka duba min. Kuma na nuna wa uwargida hirar nan, ta karanta har ƙarshe ba ta ce komai ba sai "a gaida min Maman Ilham".

Maman Ilham:
Ina amsawa. Ki riƙe makulli ɗaya a jakarki tun ranar farko.

Alhaji na Glasgow:
Agusta in Allah ya kai mu ku hau jirgin ƙasa ku zo, in ba ku tawa kwana huɗu ba ko sisi, dizal kawai za ka sa. Akwai bel biyar, Hajiya ma ta samu wuri. Sharaɗi ɗaya, kai za ka zubar da banɗakin.

Ɗan Zazzau:
Alhaji ni fa? Shekara biyu ina roƙo.

Alhaji na Glasgow:
Kai sai ka yi aure.